Jijjigar Haihuwa Tana Bin Dangi: Jan Kunne Ga Mazauna Iddo Da Agege

Tun zamanin da jirgin ƙasa ya fara sauke mutanen Arewa a tashar Iddo, al'ada ɗaya ba ta canja ba a tsakanin Hausawan Ikko. Idan cikin fari ya tsufa, sai a mai da yarinya gidan iyayenta goyon ciki. Al'adar tana da kyau, amma sau da yawa awon da aka fara a Ikko a nan yake tsayawa, alhali kuwa a waɗannan watanni na ƙarshe ne ciwon jijjiga ya fi kama mata, musamman masu cikin fari.

Jijjiga ba ta faɗo wa mace haka kawai. Hawan jini ne yake riga ta zuwa, bayan ciki ya wuce mako 20. Ana gane shi idan awon jini ya kai 140 bisa 90, aka kuma sami furotin a fitsari. Idan aka yi sakaci sai ya kai ga suma da taune harshe, abin da wasu ke ɗauka iska ce.

Likitoci sun gano cewa mafarin ciwon yana ga mabiyiya. A jikin kowane mutum, bangon jijiyoyin jini yana fitar da wata iska mai suna naitirik okisaid, wadda ke sa jijiyoyi su saki, jini ya wuce. Binciken wannan iska ne ya sa masana uku na Amurka, watau Furchgott da Ignarro da Murad, suka sami lambar Nobel a 1998. Mai ciki tana bukatar iskar ƙwarai, domin jininta yana ƙaruwa. Idan mabiyiya ba ta kafu sosai ba, sai ta zuba wasu sinadarai da ke ɓata bangon jijiyoyin, iskar ta ragu, jijiyoyi su tsuke, jini ya hau.

To, ina gado ya shigo? Ƙwayar gadon da ke ba da umarnin yin wannan iska, mai suna NOS3, ba iri ɗaya ba ce ga kowa, kuma tana cikin ƙwayoyi da dama da masana ke dubawa. Abin da ya tabbata shi ne, macen da uwarta ko 'yar'uwarta ta yi ciwon, haɗarinta ya kusan ninka na sauran mata sau 3. Miji ma yana da hannu, domin rabin gadon mabiyiya daga gare shi yake.

Amma gado ba hukuncin kisa ba ne. A 2002 wani babban gwaji a ƙasashe 33, kan mata fiye da 10,000, ya nuna allurar magnesiyam salfet tana rage jijjiga da fiye da rabi. Da aka shigar da ita asibitoci 10 na Jihar Kano a 2008, mutuwar masu ciwon ta sauka daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa wajen kashi 2. Likita kuma yakan ba mace mai haɗari ƙaramar ƙwayar asfirin tun cikin yana ƙarami.

Saboda haka wajibi ne magidanta su sa a ajiye kunya, a tambayi gida ko uwa ko yaya ta taɓa jijjiga, a gaya wa ma'aikatan awo, ko a asibitin tarayya na Ebute Metta da ke kusa da Iddo, ko asibitin koyarwa na Idi-Araba, ko babban asibitin Orile-Agege. Wadda za ta tafi gida ta riƙe katinta, ta ci gaba da awo ranar da ta sauka. Ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannu, da zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ba na jira sai gari ya waye ba ne. Allah ya sauki matanmu lafiya.