Teo Macero: Furodusan da ya riga manhajoji yanka sauti da liƙawa

A yau duk mai wayar Android zai iya buɗe BandLab ko FL Studio Mobile ya yanki sauti, ya maimaita shi, ya liƙa inda yake so. In bai yi daɗi ba, ya danna maɓallin komawa baya. Sama da shekara 50 da suka wuce, wani furodusa a Amurka yana yin wannan aikin da reza da salatif.

Sunansa Teo Macero. An haife shi a 1925 a jihar New York, kuma asalinsa mai busa saxophone ne. Ya kammala makarantar kiɗa ta Juilliard a 1953, ya yi wasa tare da Charles Mingus, sannan ya kama aiki a kamfanin Columbia a 1957. Shi ne furodusan Time Out na Dave Brubeck a 1959, ɗaya daga cikin faya-fayan jazz da suka fi kasuwa.

Amma aikinsa da Miles Davis ne ya fito da shi. A lokacin ana naɗar sauti ne a kan zaren tef. Miles da makaɗansa su yi ta kiɗa, na'ura na ɗauka, daga baya Macero ya zauna ya saurara, ya yanka, ya haɗa. A faifan In a Silent Way na 1969, ya kwafi farkon kiɗan ya sake liƙa shi a ƙarshe, sai ya zama kamar haka aka tsara shi tun asali. A Bitches Brew na 1970, kiɗan Pharaoh's Dance kaɗai an yi masa yanka 19, ga maimaici da amsa-kuwwa.

Masu ra'ayin riƙau sun ce wannan ba jazz ba ne, domin jazz abu ne da ake bugawa nan take. Sai dai masu haɗa kiɗan hip-hop da na kwamfuta kan irin wannan hanyar suke tafiya har yau.

Macero ba shi da allon da ke nuna zanen sauti kamar na waya. Kunnensa na mai busa ne ke gaya masa inda zai sa reza. Ya rasu a 2008 yana da shekara 82.