Matan da suka riƙe Ikilisiya tun tana cikin gidaje

A ƙarni na farko da na biyu bayan haihuwar Annabi Isa, mabiya addinin Kirista ba su da majami'u irin na yau. A gidajen masu hali suke taruwa su yi addu'a, su ci abinci tare. Da yake kuwa sha'anin cikin gida a hannun uwargida yake, mata da dama sun shiga sahun shugabanni.

Wasiƙar da Bulus ya aika wa Kiristocin birnin Roma wajen shekara ta 57 ta ambaci wasu daga cikinsu. Akwai Fibi, daga garin Kankiriya a ƙasar Girka, wadda ya kira da laƙabin diyakonos, wato mai hidimar ikilisiya, laƙabin da ake ba maza ma. Masana da yawa na ganin ita ce ta kai wasiƙar. Akwai Biriskila, wadda ita da maigidanta Akila ake taro a gidansu, sai Yuniya da aka ambata tare da manzanni.

Hatta hukuma ta san da zamansu. Wajen shekara ta 112, gwamnan Bitiniya, Filini, ya rubuta wa sarkin Roma Tarajan cewa ya sa an azabtar da wasu bayi mata biyu, da ake kira masu hidima, don ya ji sirrin addinin.

To amma bayan shekara ta 313, da daular Roma ta halatta addinin, ibada ta koma manyan gine-gine a ƙarƙashin bishop-bishop maza. Dama tun farko akwai nassosin da ke hana mace koyar da maza, sai aka ƙara riƙo da su. A shekara ta 441 taron malamai na Oranj, a Faransa ta yau, ya hana naɗa mata masu hidima. A gabas kuwa, taron Kalsidon na 451 ya bar muƙamin, bisa sharaɗin mace ta kai shekara 40.

Wannan tarihi bai zama tsohon zance ba. A 2016 Fafaroma Faransis ya kafa kwamitin nazarin muƙamin, a 2024 kuma cocin Otodoks ta naɗa mace mai hidima a Zimbabuwe. Masu goyon baya da masu adawa, kowa da Fibi yake kafa hujja.