Kafin Mu Ɗora wa Na'ura Laifi

Duk wanda ya zauna a fada da matasan da suka gama Jami'ar Abdou Moumouni ya ji wannan maganar: yanzu ba mutum ke duba dosiyen neman aiki ba, na'ura ce. In kana son CV ɗinka ya tsallake, in ji su, ka kwashe kalmomin sanarwar aikin ka zuba masa. Wasu ma kan liƙa sanarwar dungurungum a ƙasan shafi, su mai da rubutun fari, wai ido ba zai gani ba amma na'ura za ta ƙirga. In shiru ya biyo baya, sai a ce na'ura ta zubar.

Masu wannan magana ba don son zance suke yi ba. Unguwar Koira Kano ta Yamai cike take da manyan gidajen da aka mayar ofisoshin ƙungiyoyin agaji da na furoje, kuma matashi kan yi shekara yana aika musu dosiye ba tare da an ce masa ko "mun gani" ba. Tun da Amurka ta dakatar da tallafin USAID a Janairun 2025, guraben suka ƙara tsukewa. Manhajojin karɓar takardun kuma da gaske akwai su: Sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya tana amfani da Inspira, manyan kamfanoni da ƙungiyoyi suna da irin su Workday da Taleo. Wani rahoto da makarantar kasuwanci ta Harvard ta fitar tare da Accenture a 2021 ya nuna yawancin masu ɗaukar aikin da aka tambaya sun yarda cewa tsaurin sharuɗɗan tacewa yana sa su rasa mutanen da suka cancanta. Duk wannan na yarda da shi. Inda muka rabu, ƙannena, shi ne maganin da kuka zaɓa.

Mu fara da abin da manhajar take yi. Babban aikinta ajiya ne da jerawa: ta ciro suna, karatu da shekarun aiki daga takardarka, ta sa su a gurabe, don jami'in ɗaukar ma'aikata ya iya nema ya kuma tace. Inda take korar mutum kai tsaye, galibi a kan tambayoyin da shi ya amsa da hannunsa ne: kana da lisans? Shekara nawa ka yi a wannan fanni? Kana jin Faransanci da Ingilishi? In sanarwa ta ce shekara 3 kai kuma ka rubuta 1, babu tarin kalmomin da zai cece ka. Farin rubutun nan kuwa, manhajar ba ta ɗaukar launi. Tana ciro haruffa ne tsurarsu, sai abin da ka ɓoye ya fito ɓaro-ɓaro a gaban mai dubawa, ya karanta sanarwar da shi ya rubuta liƙe a ƙarƙashin sunanka.

Ƙididdigar nan da ke yawo a Facebook, wai kashi 75 cikin ɗari na CV na'ura ke zubarwa kafin mutum ya gani, an bi sawunta zuwa Preptel, wani kamfanin Amurka mai sayar da hidimar gyaran CV wanda ya rufe a 2013 bai fitar da binciken da ya dogara da shi ba. Mai sayar da magani ne ya faɗi girman cutar. Ko Amazon, da duk ƙarfinsa, ya yi watsi da manhajar da ya gwada don ba takardu maki bayan ya gano tana danne na mata, kamar yadda Reuters ya ruwaito a 2018. Sabbin manhajoji masu ba da maki suna shigowa, amma har yanzu mutum ne ke zaɓen waɗanda za a kira.

A Yamai kuma, ofisoshi da yawa ba su ma kai ga wannan ba. Sanarwa takan fito a jaridar Le Sahel ko ta hanyar hukumar samar da aiki ta ANPE, a ce a aiko dosiye ta imel ko a kawo shi cikin ambulan a rufe. Sai kwamitin mutum uku ko huɗu ya zauna da tulin takardu da jadawalin maki da aka ciro daga sanarwar: karatu, gogewa, harsuna, iya kwamfuta. Dosiyoyi da dama a matakin farko suke faɗuwa, kafin a kai ga karanta CV: babu katin ANPE, kwafin difilom ba a kai an buga masa hatimi ba, takardar kotu ta wuce wata 3, ko an manta lambar gurbin a kan imel. Mai shi kuma yana can yana tsine wa na'ura.

To, a daina gyara CV bisa sanarwa ke nan? A'a, a gyara shi sosai, amma don mai karatu. Ɗauki gurbin mataimakin jami'in kaya da sufuri. Sanarwa ta nemi kula da sito, Excel da lasisin tuƙi. Matashi ya rubuta: "Na yi sitaj a wata ƙungiya, mai ƙwazo, mai son aiki tare da jama'a." Ɗan kwamiti ya riƙe biro yana neman inda zai sa maki, bai samu ba. Alhali a sitaj ɗin nan shi ke rubuta shigar buhuna da fitarsu, shi ke ƙirga sito duk ƙarshen wata, shi ke zuba lissafin a Excel. Da ya rubuta hakan, da sunan garin, da watannin da ya yi, da yawan kayan da ya riƙe, yana kiran kowane aiki da sunan da sanarwar ta kira shi, da na'ura da mutum duk sun same shi. Kalmar sanarwa tana da amfani in akwai aikin da ke tsaye a bayanta.

Akwai kuma dukiyar da muke rainawa. Gurbin aiki a Diffa, Tillabéri ko Tahoua yana buƙatar mai jin Barbarci, Zabarmanci, Fulatanci ko Tamashek, amma sai ka ga ɗan ƙasa ya rubuta Faransanci da "Ingilishi kaɗan" ya tsaya, kamar harshen da ya sha a nono ba ƙwarewa ba ne. Wanda ya taɓa tattara bayanai a ƙauyuka da manhajar KoboToolbox ya ambata. Akawun da ya san tsarin SYSCOHADA ya sa shi a sama, kada ya binne shi a shafi na uku.

Haƙƙin na'ura a kanka kaɗan ne, ka ba ta. Shafi ɗaya ko biyu, jeri guda, ba teburori da zane-zane ba, kanun da kowa ya sani, kwanan wata a bayyane. Ka fitar da PDF daga rubutun kwamfuta. Hoton takarda da aka ɗauka da salula sau da yawa manhaja ba ta ganin komai a ciki. In kana shakka, kwafe rubutun ka liƙa a sabon shafi: yadda ya fito maka, kusan haka zai fito mata.

Ban ce wannan zai kawar da sanayya ba. Tana nan, kowa ya sani. Amma ita ba ta hannunka, takardarka ce a hannunka. Kuma bayan tacewa akwai jarrabawar rubutu, akwai ganawa, akwai kiran tsohon shugabanka a waya. Ranar da ƴar kwamiti ta ɗago kai ta ce, "Malam, ka rubuta ka iya kula da sito, ba mu labarin ƙirgar da ka yi ta ƙarshe," ramin ƙarya ƙurarre ne. Saboda haka kafin ka aika, bi CV ɗinka layi-layi. Wanda za ka iya karewa na minti biyu a gaban mutane ka bar shi, wanda ba za ka iya ba ka goge, ko da sau goma ya fito a sanarwa.