Natsuwa, Tunani da Iya Magana: Darasin Gubar Dalma ga Ma'aikatan Agaji

Aikin ƙungiyoyin agaji a yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum da Gummi, ya dogara ne a kan abubuwa uku da kuɗin tallafi ba ya sayowa: natsuwa, zurfin tunani, da iya isar da saƙo. Wayar hannu da intanet sun hanzarta aikin, amma sun ƙara wa ma'aikaci abubuwan da ke raba masa hankali. Annobar gubar dalma da ta ɓulla a yankin a shekarar 2010 ta nuna amfanin kowane ɗaya daga cikin ukun.

Natsuwa ita ce mutum ya tattara hankalinsa kacokan a kan abin da ke gabansa. Uwa ce zaune a gaban ma'aikaciyar lafiya, ɗanta a cinya, tana bayanin yadda jijjiga ta fara masa da dare. Ita kuwa wayar ma'aikaciyar sai ƙara take yi, ofis na neman rahoto ta WhatsApp. Idan ido ya koma kan waya, kalma ɗaya da za ta bayyana asalin ciwon na iya wucewa. Shi ya sa gogaggun ma'aikata kan kashe ƙarar waya lokacin ganawa, su bar mai magana ya kai aya, su kuma ware lokacin duba saƙonni daban. Hutu ma yana cikin natsuwa, domin wanda ya wuni yana kallon yara a mawuyacin hali, idan bai samu sararin numfasawa ba, haƙurinsa da basirarsa kan ragu.

Zurfin tunani shi ne ƙin yanke hukunci da zato na farko. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF sun tarar yara na mutuwa da yawa a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta. Zato ya fara tafiya ga zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau, sai dai maganinsu bai yi aiki ba. Maimakon a nace a kan zaton, sai aka duba abin da ya sauya a rayuwar mutanen: ana kawo duwatsun zinariya cikin gidaje, ana daka su a turmi ko a niƙa a inji, ƙura na sauka inda yara ke rarrafe. Gwajin jini ya tabbatar da cewa gubar dalma ce. Yara fiye da 400 ne suka rasu. Tunanin ne kuma ya nuna cewa magani kaɗai ba ya wadatarwa: sai an kankare gurɓatacciyar ƙasa an zuba sabuwa, in ba haka ba yaro zai koma gida ya sake kwasar gubar.

Iya magana kuwa fuska biyu gare ta. Ta farko ita ce ta cikin gari. Mutumin da zinariya ke ciyar da iyalinsa ba zai saki jiki da baƙon da yake ganin ya zo raba shi da abincinsa ba. Dole a bi ta hannun hakimai, dagatai da limamai, a tura mata su shiga gidaje su gana da mata, a kuma kawo shawarar da za ta yiwu: a fitar da niƙa bayan gari, a wanke jiki a sauya tufafi kafin shiga gida.

Fuska ta biyu ita ce ta waje. Garin Bagega, wanda shi ma gubar ta shafa, ya daɗe yana jiran aikin tsaftacewa saboda kuɗi sun maƙale. A 2012 Hamzat Lawal da abokan aikinsa suka ƙaddamar da gangamin Follow The Money, suka yi amfani da Twitter da Facebook wajen matsa wa hukuma lamba. A farkon 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin, aka tsaftace garin, aka fara yi wa yara magani. Gangamin ya yi tasiri ne domin an je Bagega an gani da ido, buƙatar kuma guda ɗaya ce bayyananniya. Wajibi ne mai irin wannan aiki ya tantance labari kafin ya yaɗa, kuma kada ya saka hoton yaro marar lafiya ba da yardar iyayensa ba.

Na'ura tana da iyaka. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aiki ya koma kan saƙon baka da amanar da aka riga aka ƙulla da jama'a. Don haka ya kamata kowace ƙungiya ta horar da ma'aikatanta a kan sauraro, tantance bayani da ladabin magana, kamar yadda take horar da su a kan kwamfuta da rubuta rahoto.