Gyaɗa da Bunƙasar Birnin Kano Bayan Yaƙin Duniya na Biyu



Sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, ƙasashen Turai sun sami kansu cikin ƙarancin man girki da na sabulu, saboda haka hankalin Ingila ya koma kan gyaɗar Nijeriya ta Arewa. Kano kuwa ita ce cibiyar wannan ciniki tun bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso ta a 1911. Gyaɗa ta yi ta kwararowa daga ƙauyuka bisa jakuna da raƙuma da manyan motoci, alhali reluwe ba ta da isassun taragan da za su kwashe ta zuwa Ikko. Dalili ke nan da aka riƙa jibge buhuna, har dalar gyaɗa ta zama tambarin birnin.

To, abin lura shi ne inda ribar ta nufa. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, wadda ke yanke wa manomi farashi, sa'an nan ta sayar a kasuwar duniya da tsada, ta riƙe rarar. A 1954 wannan iko ya koma hannun Jihar Arewa. Rarar ta shiga ayyukan raya ƙasa, manyan attajirai masu sayen gyaɗa irin su Alhassan Ɗantata suka ƙara ƙarfi, masana'antu suka tashi a Bompai. Manomin da ya yi wahalar kuwa, kaɗan ya samu. Cikin irin wannan yanayi aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, da kiran 'yantar da talakawa.

Tun da arzikin a birni ya taru, jama'a ma can suka nufa. Mutanen Kano kimanin 130,000 ne a ƙidayar 1952, amma a ta 1963 sun kusa 300,000, unguwanni irin su Fagge da Gwagwarwa suka cika maƙil.

Daga baya fari ya auku daga 1972 zuwa 1974, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, gwamnati kuma ta karkata ga kuɗin man fetur. Dalar gyaɗa ta ɓace, amma samarin ƙauye ba su fasa shigowa ba, ga shi kuwa aikin yi bai wadata ba. Da yawa daga mabiyan Maitatsine a tarzomar 1980 irin waɗannan samari ne.

Saboda haka duk ma'aikacin da aka ɗora wa yanke farashin amfanin gona, ya sani cewa abin da ya rage wa manomi a ƙauye, birni ne zai biya shi daga baya.