Jingina da Lamuni: Yadda Doka Ke Tsare Haƙƙin Magina a Amurka

Wanda ya sayar da doki bashi, in kuɗi ya ƙi fitowa, ko ba kome dokin yana nan. Amma magini fa? Tubalin da ya aza, da simintin da ɗan kasuwa ya ba da bashi, sun riga sun shige bango, ba dama a zare su. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu dabaru biyu da Amurkawa suka yi don maganin wannan.

Ta fari ita ce jingina. A cikin 1791, sa'ad da ake shirin gina birnin Washinton, jihar Merilan ta kafa dokarta. Thomas Jefferson da James Madison suna cikin waɗanda suka nemi a yi ta, don magina su saki jiki su zo aiki. Jinginar da muka sani, mai bin bashi ne ke riƙe kayan. Wannan kuwa gida yana hannun mai shi, sai dai wanda aka hana haƙƙinsa ya je ofis ya sa a rubuta bashin a kan gidan. Daga nan sayar da shi ya zama da wuya, in kuma abin ya ƙi, alƙali ya sa a yi gwanjonsa a biya. A waɗansu jihohi, maigida ya kan biya sau biyu, in ɗan kwangilarsa ya karɓi kuɗi ya hana na ƙasa da shi.

To, amma ba a jinginar da ginin gwamnati. Nan dabara ta biyu ta shigo, watau lamuni. Dokar Miller ta 1935 ta tilasta wa mai karɓar babbar kwangilar gwamnatin tarayya ya kawo takardun lamuni biyu kafin a ba shi aiki: ɗaya cewa zai gama, ɗaya cewa zai biya ma'aikata da masu kawo kaya. In ya kasa, kamfanin da ya tsaya masa shi zai biya.

Sai dai akwai wa'adi. Wanda ba da babban ɗan kwangila ya yi ciniki ba, lalle ya sanar da shi a rubuce cikin kwana 90 daga ranar aikinsa na ƙarshe, ƙara kuwa ba ta wuce shekara guda. Wanda ya yi sake ya rasa, gama ba a fafe gora ranar tafiya.