Abin Da Kwamfuta Ke Karantawa A Hoton Ciwon Dajin Fankiriyas

A shekarar 2003 wani hoton CT ya nuna ƙari a fankiriyas ɗin Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple. Ya rayu shekara takwas bayan haka, ya rasu a Oktoban 2011. Amma nasa nau'i ne da ba a cika samu ba, mai tafiya a hankali. Nau'in da ya fi yawa ba ya jira haka. A Amurka, kimanin mutum 13 cikin 100 ne ke kai shekara biyar bayan an gano ciwon.

Fankiriyas gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi, ita ke samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Saboda ɓoyewarta, ƙari kan girma ba a sani ba. Kafin idanu su yi ɗorawa ko rama ta bayyana, sau da yawa ya riga ya bazu. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ake samu a matakin da tiyata za ta yiwu, kuma tiyatar mai nauyi ce: a aikin da ake kira Whipple, ana cire kan fankiriyas, da wani sashe na ƙaramin hanji, da jakar madaci. Da yawa daga cikin waɗanda suka sha wannan wahala, ciwon kan dawo musu.

To, wa tiyata za ta amfana, wa kuma ya kamata a fara da magani? Nan ne hoto ya shigo.

Hoton CT ba irin hoton wayar salula ba ne. Kowane ɗigo a cikinsa lamba ce da ke nuna kaurin abin da hasken ya ratsa: ruwa 0, iska -1000, ƙashi ɗaruruwa zuwa sama da dubu. Likita yana kallon launin toka-toka a allo, ita kuwa manhaja lambobin take karantawa. Daga ƙari guda za ta iya ciro ɗaruruwan ma'aunai: siffarsa, kaifin bakinsa, da yadda ɗigo ya bambanta da maƙwabcinsa. Sai a haɗa su da tarihin marasa lafiya na baya, wanda ya daɗe da wanda ciwon ya dawo masa da wuri, a koya wa kwamfuta ta gano alaƙa. Wannan fanni shi ake kira radiyomiks, sunan da ya yaɗu tun 2012.

Shaidar da ta fi ƙarfi zuwa yanzu tana ɓangaren gano ciwon ne. A 2022 masu bincike na Mayo Clinic sun ɗauki tsofaffin hotunan mutum 155 da daga baya aka gano suna da ciwon, hotunan da a lokacin aka ce ba komai. Manhajar ta bambanta su da na lafiyayyu 265, fiye da shekara guda kafin a gano cutar a tsaka-tsaki, ta kuma zarce likitocin da aka gwada ta da su. A 2023 kuma tsarin PANDA na cibiyar binciken Alibaba a China ya duba mutum 20,530, ya kama kashi 92.9 cikin ɗari na masu matsalar.

Hasashen makoma kuwa bai kai nan ba, kuma duk mai rubuta manhaja zai gane dalili. Yawancin binciken na asibiti ɗaya ne, da mutane kaɗan, kuma baya ake waiwaya. Tsarin da aka ba ma'aunai ɗaruruwa da marasa lafiya kaɗan yakan haddace ne, ba koyo ba. Ga kuma matsalar na'ura: kamar yadda Tecno da iPhone ke ba fuska ɗaya launi daban, haka injin Siemens da na GE ke iya ba ƙari ɗaya lambobi daban. Shi ya sa har yau, a ɗakin shawara, likitocin tiyata sun fi dogara da abin da ido ke gani a hoton: ko ƙarin ya naɗe manyan jijiyoyin jini da ke kusa, da kuma ko ya kai hanta.